Masu gidajen abinci a Sakkwato, ku daina cin amanar masu walima

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in kai kuka kan wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare a wasu gidajen cin abinci na birnin Sakkwato. Yanzu mutane da yawa sun koma kama wuri a irin waɗannan gidaje idan za su yi walimar aure, ko ta suna, ko ta kammala karatu, saboda gidajenmu na cikin gari ba fili, kuma ɗora tukunyar taro ba ƙaramin aiki ba ne. Masu gidajen sun gane haka. Sun kuma gane cewa Basakkwace ba zai tsaya cacar baki kan kuɗi a gaban baƙinsa ba. Da wannan kunyar tamu suke cin mu.

Ƙanwata ta gama karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muka ce a yi mata walima. Ranar ciniki, duk abin da na tambaya sai manajan ya ce, "Ba damuwa Hajiya, an gama." Ya nuna mana ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, muka daidaita kan dafa-duka da kwatar kaza da lemo mai sanyi ga kowane baƙo, a fito da abinci bayan Azahar. Na tura rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami.

Da muka iso, ashe an ba wasu ɗakin. Aka jera mana kujerun roba ƙarƙashin rumfa, a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ga tsofaffi a cikinmu. Abinci bai fito ba sai da aka yi La'asar. Kwatar kazar nan an raba ta biyu, lemon da ɗumi, kuma kafin a kai ga ɓangaren mata abincin ya ƙare. Gwaggonmu da ta taso tun daga Wurno, ruwa kawai ta sha ta koma. Masu rabon abincin kana kiran su suna kau da kai, amma ban ɗora musu laifin duka ba, don ba su suka yanka kazar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafin. Sai ga kuɗin man janareto, ga kuɗin hidima, ga haraji, ga kwalaben lemon da ba wanda ya gan su. Manajan ya ɓace, wayarsa a kashe. Mai karɓar kuɗi ya ce haka tsarinsu yake. Iyayenmu na tsaye suna jira a tafi, sai na biya.

Na san akwai harajin VAT da gwamnati ke ɗorawa kan kuɗin kaya da hidima, na kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, ba na musun wannan. Amma a ranar ciniki ake faɗin sa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai sa ido kan haƙƙin masu saye, ta wajabta a bayyana wa mai saye farashi, kuma kada a karɓi fiye da abin da aka bayyana. Tun kafin wannan doka, Manzon Allah (SAW) ya tura hannu cikin tsibin hatsin wani mai sayarwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Nuna wa mutum ɗaki ɗaya a zaunar da shi a wani, ko a rage masa nama bayan an karɓi kuɗin cikakke, mene ne bambancinsa da wancan hatsin? A garin Shehu kuwa bai kamata a tsaya tuna wa ɗan kasuwa wannan ba.

Ga 'yan'uwana masu shirin taro, kada ku saki ko sisi sai an rubuta komai a takarda mai hatimin gidan: wane ɗaki, ƙarfe nawa, faranti nawa, me ke cikin kowane faranti, jimillar kuɗi har da haraji, da abin da za a mayar muku idan suka saɓa. Ku kuma wakilta mutum ɗaya marar kunyar magana ya ƙirga abincin kafin a fara rabo.

Ina kira ga Hukumar Hisbah ta jiha ta buɗe ƙofar karɓar irin wannan ƙorafi, ta riƙa kiran masu gidajen da aka kai ƙararsu su mayar wa mutane haƙƙinsu.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarka,
Mabera, Sakkwato.