Zazzaɓi bayan tiyatar zuciya: wane gwajin jini za mu gaskata?

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan jinya ne masu kula da manyan da aka yi wa tiyatar zuciya, yawancinsu waɗanda aka sauya wa bawul, wato murfin da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya. Muna so ka raba mana gardama a filinka kan gwajin jinin da za mu dogara da shi wajen gane ko zazzaɓi bayan tiyata na ƙwayar cuta ne.

Injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata shi kansa yana tayar da kumburi a jiki. Shi ya sa a kwana biyun farko ake ganin zazzaɓi, fararen ƙwayoyin jini su haura 12,000, alhali babu ƙwayar cuta. CRP, gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki, shi ma haka yake: yana kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, sau da yawa ya wuce 100 mg/L, kuma yakan ɗauki fiye da mako kafin ya sauka.

Furokalsitonin, wani gwajin jini da ke tashi idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ya fi CRP kaifi. Yana tashi cikin awoyi kaɗan, ya kai ƙololuwa a ranar farko, sannan ya riƙa raguwa da kusan rabi kullum. Amma shi ma ba a rasa shi da aibi. Iyakar 0.5 ng/mL da aka saba ɗauka a matsayin alamar ƙwayar cuta ba ta aiki washegarin tiyata, aikin bawul kuma ya fi ɗaga shi. Idan ƙoda ta taɓu, sai ya yi nawar sauka. Abin da ya fi damunmu shi ne mugunyar da ke taruwa ƙarƙashin ƙashin ƙirji bayan mako ɗaya ko biyu, domin tana iya ɓuya gwajin bai motsa sosai ba, sai dai ka ga ɗinki ya yi ja, yana tsattsafo, ƙashin yana motsi idan mutum ya yi tari.

A ganinmu, alkiblar lambar ta fi lambar kanta amfani: wadda ta ƙi sauka a rana ta uku ko ta huɗu, ko ta sauka ta sake hawa, ita ce abin tsoro. Wasu abokan aikinmu sun ce a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta da zarar zafin jiki ya wuce digiri 38. Mu kuwa muna gudun haka, don mai bawul na ƙarfe yana shan warfarin, maganin tsinka jini, kuma irin su metronidazole na sa jininsa ya tsinke fiye da kima. Magani kafin ɗibar jini kuma yana ɓata gwajin kalca na neman ƙwayar cuta a jini, wanda ake ɗiba daga wuri biyu, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba.

To Likita, furokalsitonin da tsada, iyalai da dama ba za su iya biyan fiye da gwaji biyu ba. Waɗanne ranaku ne suka fi dacewa a yi su? Inda kuma babu shi sam, hawan CRP na biyu bayan rana ta biyar ya isa a fara magani, ko sai an yi hoton ƙirji na CT tukuna?

Allah ya ƙara basira.

Mu ne naka,
Wasu ma'aikatan jinya daga Kano