Sanarwa kan ziyarar Argungu da Surame

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu zuwa gidan tarihin Kanta a Argungu su sani tsohuwar fada ce, sai a 1958 aka mayar da ita gidan tarihi, kuma akwai kaburburan sarakunan Kabi a ciki. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada a taɓa makaman da aka ajiye, gumin hannu na sa ƙarfe tsatsa.

Surame kuwa, tsohon birnin da Kanta, sarkin Kabi na farko, ya kafa, yau tana ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. Daji ne, sai da ɗan jagora, takalmi rufaffe da ruwa lita 2 kowane mutum. Don Allah kada kowa ya hau ganuwa. Duwatsun sun saki, ɗaya ya zame sai na samansa su biyo.