Masu fitar da zoɓo, a kula da la'adar wakili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ba ni fili in ja kunnen 'yan'uwana masu fitar da zoɓo zuwa Meziko. Bara wani wakili ya yanka min la'ada kashi 5 cikin 100, muka shirya da baki kawai. Kaya na isa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas sai ga takarda: kuɗin feshin ƙwari daban, na ajiya daban. Ribar buhu 200 ta tafi ina ji ina gani.

Don Allah ku nemi shaidar rajistar wakili da NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki zuwa ƙasashen waje ta Najeriya), ku tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki. A kuma rubuta: la'adar kan kuɗin saye take ko na sayarwa? Ni yanzu sai kuɗin mai saye sun shigo nake biya.

Naka,
Ɗan kasuwar zoɓo, Maigatari