Kafin ki kai littafinki maɗaba'a

Tawa, ranar Lahadi

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Saƙonki ya iso tare da littafin. Na sa ƙanenki ya kai shi wurin masu kwamfuta na bakin kasuwa aka fitar mini da shi a takarda, don idona ba ya jure dogon karatu a waya. Na karance shi tas, da jan biro a hannu, kin san halin tsohon malamin lakwal. Na kuma saurari muryoyin da kika aiko game da zaman da kuke yi ran Asabar da yamma a unguwar Harobanda, ke da abokanki masu son rubutu. Abu biyu kika nema a wurina: in gaya miki ko kin isa a kira ki marubuciya, in kuma taimaka miki da jaka 400, wato sefa dubu 400, da wani kamfanin ɗab'i na ƙasar waje ya ce ki biya. Magana irin wannan ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuto.

Bari in fara da abin da na ji ya fi sosa miki rai. Kin ce wani daga cikinku, wanda yake shirin masta a fannin adabi, ya ce duk wanda bai karanci adabi a jami'a ba, rubutunsa tatsuniya ce kawai. Ke kuma da yake shari'a kike karantawa, sai kika yi shiru, jikinki ya yi sanyi. Yaron nan yana da gaskiya a abu guda: karatu yana buɗe ido, kuma wanda ya san abin da magabata suka rubuta ba zai ɓata shekara yana ƙirƙiro abin da aka riga aka yi ba. Daga nan gaskiyarsa ta tsaya. Ki tambaye shi wace difloma ta adabi Abubakar Imam yake da ita a 1933, lokacin da ofishin fassara na Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai. Malamin makaranta ne a Katsina, ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja, har yau ana karanta shi. Ki tambaye shi labarin Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, sai daga baya ta koma karatun manya. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar littafinta da Turanci, yau malaman jami'a ne suke nazarinsa. A filin kokawarmu na nan Tawa, inda aka fara gasar ƙasa a 1975, ban taɓa jin alƙali ya tambayi ɗan kokawa takarda ba. A shiga a kama, jama'a su gani.

Amma kada ki ɗauki wannan a matsayin na ba ki nasara a gardamar, domin ita kanta gardamar ce ba ta yi mini ba. Na saurari duk abin da kika ba ni labari: wane ya buga kati ya rubuta "marubuci" a ƙarƙashin sunansa, wance ta ce littafin da ba a buga a Faransa ba ba littafi ba ne, wane yana da mabiya dubbai a Facebook. Ban ji inda kika ce wani ya fito da shafi uku ya karanta da ƙarfi, saura suka ce masa nan ya yi daɗi, nan ya yi sanyi ba. Ban kuma ji an ambaci mai karatu ko sau ɗaya ba. Kuna ta maganar sunan da za a kira ku da shi, wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi littafin kuwa babu shi a zaman. Idan shayin nan da ake dafawa ba ya kai ku ga gyara rubutun juna, to fada ce kamar kowace fada ta unguwa.

Yanzu ga littafin naki.

Akwai abu a cikinsa, ba don ke ɗiyata ce na faɗa ba. Babi na 7, inda matar nan take jiran mijinta da ya tafi bida Abijan, tana lissafin watanni da farashin tiyar hatsi, uwar miji tana sa mata ido a kan kowace ƙwaryar da ta auna, wannan babin yana da rai. Na karanta wa innarki shi da dare, ta tsayar da ni a tsakiya ta ce ai ta san matar, har ta kama suna. Ba ta san ta ba, ke kika ƙirƙiro ta, amma duk wanda ya tashi a Adar ya ga irinta a gidansu ko a gidan maƙwabta. Wurin da ta ɓoye sabon zane a ƙasan akwati don kada a ce ta yi kwalliya miji ba ya gari, ban san inda kika samo shi ba, ya yi.

Sauran littafin bai kai wannan babin ba. Babi uku na farko kin cika su da hantsi da gajimare da kogin Kwara yana sheƙi, har shafi na 20 ban san wa nake bi ba, ban san me yake nema ba. Mai karatu ba ubanki ba ne, ba zai yi miki haƙurin da na yi ba. Sannan mutanenki duka bakinsu ɗaya. Tsohuwar ƙauye tana magana kamar mai karanta labarai a Muryar Sahel, ɗan kabu-kabu yana magana kamar tsohuwar, likita yana magana kamar su biyun. Kin taɓa jin kakarki ta ce "lafiya" ko "tafiya"? "Lahiya" take cewa, "tahiya", "hura". Ki bar mata harshenta a cikin zancenta, ke kuma mai ba da labari ki riƙe daidaitacciyar Hausa. Wani abin kuma, duk lokacin da wani ya ji ciwo sai ki tsaya ki yi mana bayani cewa ya ji ciwo, ki ƙara da wa'azi na layi biyar. A babi na 7 ba ki yi haka ba, kin bar zanen da akwatin sun yi aikin. Na ja layi a duk inda na ga wa'azin, za ki ga jan ya yi yawa, kada ranki ya ɓaci. Ƙarshen ma kin gaggauta shi: hatsarin mota ya zo ya kashe wanda ya dame ki, kika huta. Wannan gudun aiki ne. Matar nan ta cancanci ki bar ta ta yanke shawara da kanta, ko da shawarar ba za ta yi wa mai karatu daɗi ba.

Shawarata, ki ajiye shi har bayan jarrabawa. Idan kin dawo hutu ki zauna da gwaggonninki ki yi ta sauraro, ki rubuta yadda suke juya magana, yadda suke habaici, abin da suke faɗa idan ba sa son faɗin abu. Daga nan ki sake rubuta littafin daga farko, ki fara shi daga matar nan. Sake rubutawa nake nufi, ba gyaran waƙafi ba.

Kin ce wasu suna matsa miki ki mayar da shi Faransanci don a nan daraja take. Ba na hana ki Faransanci, da shi na ci abinci har na yi ritaya, kuma Bubu Hama, wanda ake ba da kyautar adabi da sunansa a ƙasar nan, da shi ya yi mafi yawan rubutunsa. Abin dubawa shi ne wa kike so ya karanta. Idan matan da suke kama da matar babi na 7 ne, da ɗiyansu, to kin riga kin zaɓi harshe. Masu jin Hausa ba su tsaya a Konni ba, sun wuce Sakkwato da Kano har Gana da Sudan. A watan Maris na 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama na aiki. Doka ba ta rubuta littafi, amma duk ranar da aka ce yara su yi karatu da Hausa za a nemi abin da za a ba su su karanta, mu da muka koyar mun san yadda rashinsa yake. Sai dai ki koyi ƙa'idar rubutun sosai. Nijar tana da tata tun 1999, mu muna rubuta ƴ inda Najeriya take rubuta 'y. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta. A littafinki kin haɗa su, kuma rabin ƙ da ɗ da ɓ ɗinki sun zubar da lanƙwasarsu. Wanda ya je karanta "ƙafa" ya tarar da "kafa" sau uku zai ajiye littafin.

Sai maganar kuɗi. Ba zan ba da jaka 400 ɗin nan ba, kuma ba don babu ba ne, ko da yake kin san abin da fansho yake kawowa. Kin ce kin aika musu littafin, kafin mako ya zagayo sun amsa da yabo, ba su nemi ki canja ko layi ɗaya ba. Ni da nake ubanki na sami abin gyara a kusan kowane shafi, su da sana'arsu ke nan ba su samu ba? Ba su karanta ba. Mai ɗab'i na gaskiya shi yake zuba kuɗinsa, don haka yake wahalar da marubuci da gyara, ribarsa tana wurin mai saye. Wanda ya karɓi kuɗi a hannunki tun farko ya riga ya ci tasa ribar, ko an sayi littafin ko ba a saya ba. Ki kuma yi wannan lissafin: yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ba ya motsi. Littafin da aka sa wa yuro 20 ya haura jaka 13 tun kafin a biya kuɗin kawo shi. Wa zai saye shi a Tawa? Ke kanki nawa za ki iya saye ki raba wa dangi?

Ke mai karatun shari'a ce, bai kamata in koya miki karanta yarjejeniya ba, amma doki yana rufe ido. Duk wanda zai buga miki, na gida ko na waje, ki ga an rubuta kwafi nawa za a buga, a ina za a sayar, nawa ne farashi, kashi nawa ne naki a kowane kwafi, yaushe za a riƙa yi miki lissafi, shekara nawa haƙƙin zai zauna a hannunsu. Haƙƙin fassara da na mayar da labarin fim ko wasan rediyo kada ki sa hannu a kansu a dunƙule. Kafin littafin ya yi ta yawo a wayoyin mutane, ki je ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, nan Yamai, ki tambayi yadda ake ajiye aiki da sunan mai shi. Na ji kin ce kin tura wa mutum goma sha, wannan ya isa haka.

Hanyoyin da ba sa cin jaka 400 suna nan. Akwai masu buga littattafai cikin harsunan gida a Yamai, irin su Gashingo, ki kai ƙafarki ki ga irin abin da suke bugawa kafin ki kai musu naki. Sashen Hausa na BBC yana shirya gasar Hikayata ta mata tun 2016, gajeren labari ake nema, kuma babi na 7 idan an tsefe shi zai iya tsayawa da kansa. Ko ba ki ci ba, kin koyi rubutu cikin iyaka da wa'adi, abin da zamanku na Asabar ba ya koyarwa. Akwai kuma hanyar da marubutan Kano suka bi tun shekarun 1980: su tara kuɗinsu, su buga da kansu a takarda mai araha, su kai wa masu shagon littafi, har littattafan suka iso kasuwanninmu. Wannan ba abin kunya ba ne, sai dai a san ciniki ne. A maɗaba'a yawancin kuɗin yana tafiya wurin shirya faranti da ɗora inji, shi ya sa za a ce miki dubu ya fi ɗari biyu araha a kowane kwafi. Gaskiya ne, amma kwafin da ba a sayar ba gara ce take cinye shi a ƙarƙashin gado. Ki fara sanin wa zai sayar miki kafin ki san nawa za ki buga. Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ana biyansu ta waya kuwa, na ga ƙanwarki ba ta ɗaga kai daga irinsu. Suna da masu karatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma mai rubuta shafin gobe da daren yau ba shi da lokacin komawa baya, ke kuma komawa bayan kike bukata yanzu.

Ga abin da na yanke. Ki gama lisans ɗinki, ba don a yarda ke marubuciya ce ba, sai don ban san wanda littafinsa na farko ya ciyar da shi ba. Ki sake rubuta littafin. Ki ba mutum biyu da ba sa jin nauyinki su karanta, ɗaya ya kasance wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa. Yaron nan mai masta ma ya isa, tunda yana da baki, a ga ko yana da ido. Idan an kai nan, kika kawo mini takardar farashi daga maɗaba'ar gida ko yarjejeniyar da ke da kanki kika tantance, zan sayar da rago biyu in taimaka, innarki ta ce ita ma adashinta yana nan.

Takardun da na yi wa jan biro zan ba direban kar na ran Laraba, tare da cuku da ƴar albasar Galmi da innarki ta ɗaura. Ki je tasha da wuri ki karɓa, ki raba cukun da ƴan ɗakinku. Ki gaida kawunki da iyalinsa idan kin je Juma'a, ki ce masa maganar gonar tana nan sai ya zo. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Ni ne,
Mahaifinki