Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Tarukan wata-wata sun gudana kamar yadda aka saba.

Abin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne tarin fuka, tun bayan rashin da aka yi mana a layin masallacin Juma'a, Allah Ya gafarta masa. Marigayin ya fara shan magani, da ya ji sauƙi sai ya ajiye, alhali maganin na wata 6 ne cur, kuma kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati.

Wannan ne ya sa muka shirya gangamin 24 ga Maris, ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya, kuma alhamdulillahi ya yi armashi fiye da zatonmu. Mai unguwa ya tura sanƙira gida-gida, liman ya sanar a huɗuba cewa duk wanda tarinsa ya kai mako 2, ko yake rama da zufar dare, ya fito. Tun da hantsi mata suka cika filin firamare, ma'aikatan lafiya suna raba robobin kaki, waɗanda aka kai Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, domin gwajin GeneXpert mai gano ƙwayar cutar tarin fuka. Ba zan manta da wata dattijuwa ba da ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙwayoyin da ta daina sha saboda fitsarinta ya koma ja. Ma'aikaciyar ta ce mata, "Inna, aikin maganin ne, ba jini ba ne," washegari kuwa jikanta ya mayar da ita asibiti.

Game da aikin tagogin Islamiyya, wanda na ji ana ta tsegumi a kan jinkirinsa, ina so a fahimta cewa kwamiti bai yi sakaci ba. Kafinta ya zo ya auna, an amince iska za ta riƙa ratsa ajujuwan, amma kafin kuɗi su taru farashin katako da siminti ya tashi. Kuɗin motar da muka yi alkawarin bai wa marasa lafiya masu zuwa karɓar magani shi ma ya tsaya a tsakiyar shekara, saboda asusu ya ƙare.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai mambobin da rabonsu da biyan kuɗin wata tun bara, amma su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana a WhatsApp. Ma'aji yana zama da littafin rasit a ofis kowace Asabar bayan la'asar, kuma za a karanta sunayen masu bashi a taron wata mai zuwa.

Sakataren ƙungiya