Amsa ga Malam: Ingila za mu kwaikwaya ko Jamus?

Assalamu alaikum Malam. Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, cewa tunda kullum ina kan maganar magani ga kowa, to wace ƙasa za mu kwaikwaya, Ingila ko Jamus, tunda ai a can kyauta ake duba mutum.

Malam babu inda magani yake kyauta, ana biya ne tun kafin ciwo ya zo. Ingila tun 1948 suka kafa NHS, wato hukumar kula da lafiya ta ƙasarsu, daga haraji kuɗin yake fitowa, ka je asibiti ba mai ce maka je ka biya kuɗin kati, sai dai jerin jiran ganin ƙwararru da tiyata ya haura miliyan 7 a 2023. Jamus kuwa tun zamanin shugaban gwamnatinsu Bismarck, 1883, daga albashi ake yanka, yanzu wajen kashi 14.6 cikin 100 da ɗan ƙari a kai, ma'aikaci ya biya rabi, wanda ya ɗauke shi aiki ya biya rabi.

Nan ne gizo ke saƙar. Tsarin Jamus albashi yake nema, mu kuwa mai kayan miya a 'Yankaba da ɗan adaidaita sahu da manomin da sai kaka yake ganin kuɗi, wane albashin za a yanka musu? Shi ya sa inshorar lafiyar da aka fara a Najeriya a 2005 ta maƙale a wajen ma'aikatan gwamnati, an zo 2022 an yi dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, an ce dole ne kowa ya shiga, amma har yau sama da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihu yake fita. Mace na naƙuda, an miƙa wa miji takarda ya tafi kemis ya sayo safar hannu da ledar ƙarin ruwa da allura, yana tsaye bakin get yana ta kiran 'yan'uwa a waya. Wallahi abin nan yana ci min rai.

Ni a ganina mu dubi Tailan. A 2002 suka ɗauki duk wanda ba shi da inshora, gwamnati ta biya masa daga haraji, shi kuma ya ba da baht 30 na kuɗin ƙasarsu idan ya je asibiti, kuma lokacin ba wata ƙasa mai kuɗi ba ce. Ghana ma a 2003 ta ɗora kashi 2.5 a kan harajin kaya don asusun lafiya. Amma fa in ba a sakin kuɗin a kan kari aikin banza ne, a Nijar tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne, sai bashi ya taru wa asibitoci saboda gwamnati na jinkirin biya, magani ya riƙa yankewa.

Saboda haka Malam ka tambayi ɗan majalisarku ina alƙawarin kashi 15 na kasafi da shugabannin Afirka suka yi wa lafiya a Abuja a 2001, kuma kashi 1 ɗin nan na kuɗin shigar gwamnatin tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa ƙananan asibitoci, nawa ya iso asibitin unguwarku bana.

Wassalam.