Ƙarin Fitilun Manyan Motoci Da Dare

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi kira ga direbobin manyan motoci masu bin hanyar Bauchi zuwa Gombe da dare, musamman waɗanda suka jera ƙarin fitilu masu tsananin haske a saman gilashin gaba. Ba na musun amfaninsu a dajin da ke tsakanin Alkaleri da Gombe, inda ramuka da shanu ke ɓullowa ba zato, amma idan direba ya bar su a kunne alhali ƙaramar mota na tunkaro shi, mai ita ba ya ganin ko gefen kwalta. Ka'idar hanya ta ce a rage haske yayin gilmawa, haka ma cikin gari ko a bayan wata mota. Ya kamata jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su riƙa duba waɗannan fitilu a shingayensu.

Naka,
Mai karatu daga Bauchi